Sanarwar Bayan Taron Unguwar Lalle kan Yadda Za a Riƙa Fitar da Zakaran Gasar Ƙwallon Makarantu

Ƙungiyarmu ta malaman wasanni na makarantun sakandare da masu horar da yara ƙwallon ƙafa a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa ta zauna ranar Asabar a garin Unguwar Lalle. An fara da hantsi, an tashi da kiran sallar azahar, domin kowa ya koma gida rana na sama. Wakilai sun zo daga cikin garin Sabon Birni da Gatawa da Tsamaye da Kurawa, wasu daga Isa da Turba da Bafarawa. Waɗanda hanya ba ta ba su ba sun aiko da ra'ayinsu ta waya, an kuma karanta shi a zauren kamar suna nan. Akwai wakilan iyaye da alƙalan wasa. An buɗe da addu'a ga 'yan'uwanmu da aka kashe da waɗanda ke hannun 'yan bindiga, Allah Ya jiƙan mamata, Ya kuɓutar da na daji.

Magana ɗaya ce ta tara mu. Shin makarantar da ta fi kowa maki a teburi ita ce zakara, kamar yadda muka gada, ko kuwa a ware 'yan kaɗan da suka yi fice su kara a zagayen sili ɗaya ƙwale, wanda ya rage a tsaye ya ɗauki kofi?

Kafin kowa ya ce uffan, sakatare ya fito da littafin gasar, aka zagaya da shi hannu-hannu. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, an ja masa layuka da biro, bangonsa ya sha gumi. A shafukan farko kowane wasa da sakamakonsa da sa hannun alƙali. Da aka nutsa ciki sai gurabe suka fara yawa: wasan da aka sa wa rana ba a buga ba, aka sake sa rana ba a buga ba, daga ƙarshe aka rubuta uku da nema da jan biro. Dokarmu ta dā ta ce ƙungiyar da ba ta zo fili ba ta bayar da maki uku da ƙwallo uku. An yi dokar ne don maganin masu lalaci, a zamanin da yaro zai hau bayan a-kori-kura daga Isa ya je Sabon Birni ya buga ƙwallo ya dawo bayan magariba uwarsa ba ta ɗaga kai ba. Yau dokar ta koma tana hukunta wanda aka tare wa hanya. Makarantar da ke cikin gari tana zaune maki na iske ta, ta ƙauye kuwa tana asarar maki a wasan da yaranta suka kwana suna mafarkin bugawa. Taron ya amince baki ɗaya cewa teburin da aka cika ta wannan hanya ba ya nuna gwani, yana nuna wanda hanyarsa ta fi lafiya ne kawai.

Duk da haka masu son a bar gasar maki ba su zo hannu rabbana ba, kuma wannan sanarwa ta ga wajibi ne ta kawo hujjarsu yadda suka kawo ta. Dattijon cikinmu, wanda da yawa daga masu horarwar da ke zauren shi ya fara koya musu tare ƙwallo, ya ce gasar maki ita ce ke auna yaro ranar da yake da lafiya da ranar da zazzaɓi ya kama shi, a filinsu da filin wasu, cikin iskar hunturu da zafin bazara. Wasa ɗaya kuwa na mai rabo ne. Ya tuna mana gasar ƙwararru ta Najeriya ta 2023, da aka raba ƙungiyoyi ashirin gida biyu. Bendel Insurance ta Benin ta buga wasanninta goma sha takwas na rukuni ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Da aka tara ƙungiyoyi shida a Legas a watan Yuni don gasar da ake kira Super Six, sai Enyimba ta Aba, wadda ke bayanta a rukuninsu, ta ɗauke kofin. Aikin watanni ya tafi cikin 'yan kwanaki. Ya ƙara da abin da duk mai shiga gidan kallo a ƙasar nan bai manta ba: a gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2024, Najeriya ta ci Kwaddibuwa ɗaya da nema a rukuni, Ikwatoriyal Gini ta zuba mata huɗu, da ƙyar Kwaddibuwa ta tsallake a sahun na uku, amma ranar 11 ga Fabrairu ita ta doke mu biyu da ɗaya a Abijan ta ɗaga kofi. Ya ce shi bai yarda wannan ne ya kamata a koya wa yaro ba, wato ya yi sake duk shekara ya jira sa'ar rana guda.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi, ta kuma sa zauren ya yi tsit. Sojan haya. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin ƙato mai gemun da aka aske da safe sanye da rigar makaranta ranar wasan ƙarshe. Ba makarantar da ke iya ɗaukar nauyin ɗan haya tsawon gasa, amma na yini ɗaya kowa na iyawa. Ranar da aka rataya kofi a kan wasa guda, ranar aka buɗe kasuwar haya, kuma ɗalibin gaskiya da ya sha rana tun farkon zango shi zai koma benci yana kallo. Sun kuma ce idan wasa ɗaya ne ke raba gardama, zuciya ta fi saurin tashi, suka kawo hatsaniyar da ta ɓarke a filin Agege a 2019 bayan wasan Kano Pillars da Rangers a irin wannan gasa ta 'yan shida. Idan manya masu albashi da 'yan sanda a gefen fili suka kasa riƙe kansu, yaya filin da igiya ce kawai tsakanin 'yan kallo da alƙali?

Masu son a sauya suka ce sun ji, amma a dubi ƙarshen gasar maki idan ta kasa kaiwa ƙarshe. A 2018 rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ya tsayar da gasar ƙwararru bayan wasa na ashirin da huɗu, aka zauna a ofis aka miƙa wa Lobi Stars tikitin wakiltar Najeriya a Afirka. A 2020 annobar korona ta sake tsayar da ita, aka koma lissafin raba maki da yawan wasanni, Plateau United ta fito a sama, wasu ƙungiyoyi suka daɗe suna ƙorafi. Abin da ya sami manya sau biyu cikin shekara uku shi ke samunmu kusan kowace shekara. Makarantunmu na kwana na cikin waɗanda gwamnatin jiha ta rufe a 2021 saboda tsaro, a shekarar ce kuma aka katse layukan waya a yankin nan, ko sanar da ranar wasa ya gagara. Doguwar gasa tana son dogon zaman lafiya. Mu abin da muke samu tazara ce, mako biyu ko uku da hanya ke yin sauƙi, kuma tsarin da ya dace da mu shi ne wanda zai shiga cikin wannan tazarar ya fita.

Wani mai horarwa daga bakin iyaka ya ce mu Gobirawa ba baƙi ba ne a wajen sili ɗaya ƙwale. 'Yan'uwanmu na Nijar suna kokawar takobi tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukarsa a Tawa, kuma ƙa'idarta ba ta da wuyar fahimta: wanda ya taɓa ƙasa ya fita neman takobi, komai sunansa. Ba wanda ya taɓa cewa sarkin kokawa bai cancanta ba don kaye ɗaya ya raba su. Jama'a sun yarda da shi ne domin a gabansu aka yi.

A nan ne wani ya kawo shawara ta uku, wadda ta ɗauki lokaci fiye da yadda aka zata. Ya ce tunda maki sun gurɓace, a naɗa kwamitin dattawa masu idon ƙwallo su duba yadda kowace makaranta ta taka, su zaɓi huɗun da suka fi, ko da teburi bai nuna haka ba. Niyyarsa mai kyau ce, yana son a ceci makarantun ƙauye ne. Malamin da ya amsa masa ya kawo labarin jami'o'in Amurka, inda ɗalibai ke buga irin tasu ƙwallon ta runguma da gudu, filayensu na cika da dubban mutane. Shekaru da dama ba su da wasan ƙarshe, 'yan jarida da masu horarwa ne ke jefa ƙuri'a su ce wane ne zakara, har akan wayi gari da zakara biyu, kamar 1997. Daga 1998 suka haɗa ƙuri'a da lissafin kwamfuta don fitar da biyun da za su kara, gardama ba ta mutu ba. A 2014 suka koma ƙungiya huɗu da kwamiti ke zaɓa. A 2023 Jami'ar Jihar Florida ta ci wasanninta goma sha uku duka, kwamitin ya ajiye ta gefe bisa hujjar cewa babban ɗan wasanta ya ji rauni, ya ɗauki waɗanda an taɓa doke su. Daga 2024 suka faɗaɗa zuwa goma sha biyu, kuma Jami'ar Jihar Ohio da aka jera ta takwas ita ta ci kofin farko. Malamin ya ce mutanen da ke da kuɗi da na'urori da hoton kowane wasa sun kasa samar da kwamitin da za a yarda da shi. Mu da kowane dattijo a cikinmu yana da garinsu, yana da surukai, yana da ɗan ƙane a wata makaranta, ranar da kwamiti ya tsallake wata makaranta ba za a ce ƙwallo aka duba ba, za a ce an yi son kai, kuma maganar za ta bar fili ta shiga kasuwa da masallaci. Mai shawarar ya janye ta da kansa, taron ya gode masa.

Sai wata malama da ta zo a madadin iyaye mata ta nemi izini. Ta ce tun safe tana jin ana maganar maki da kofi, ita tambayarta ɗaya ce: ranar wasan ƙarshen nan, yaran makarantu huɗu da 'yan rakiyarsu za a tara wuri ɗaya, a ranar da kowa ya sani, su bi hanyar da kowa ya sani, wa ya ɗauki alhakinsu? Ta tuna wa zauren cewa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya aka tare shi a watan Yulin 2024, kuma bai dawo ba. Ta tuna matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankin nan a watan Disambar 2021. Ta ce ita ba ta hana ɗanta ƙwallo ba, don ta ga abin da zaman banza ke yi wa samari a garin da gona ta gagara, ta kuma san masu zuwa da babur suna yi wa yaro tayin abin da ubansa ba zai iya ba shi ba. Amma kada a zo mata da takarda a ce ta sa hannu alhali masu takardar ba su yi tunanin dawowa ba.

Babu wanda ya amsa mata nan take, kuma gaskiya ita ce maganarta ta sauya alƙiblar taron. Abin da ya rage na lokacin a kanta aka ƙare shi, kuma yawancin ƙa'idojin da ke ƙasa daga bakinta suka samo asali.

Bayan an tattauna, mafi rinjaye suka tsaya a kan haka.

Za a daina gasar da kowace makaranta ke zagaya kowace makaranta a faɗin ƙananan hukumomin biyu. Za a raba makarantu ƙananan rukunai bisa maƙwabtaka, yadda yaro zai je wasa ya dawo ba tare da ya ratsa dajin da ake tsoro ba. A cikin rukuni za a buga gida da waje a tara maki kamar dā, saboda ko makarantar da ba ta da ƙarfi ta sami wasanni da yawa, kada ta buga ɗaya a sallame ta. Zakarun rukunai na kowace ƙaramar hukuma za su kara a tsakaninsu a fitar da biyu, ta ɗaya da ta biyu. Huɗun nan su ne za su je zagayen ƙarshe: ta ɗayan Sabon Birni da ta biyun Isa, ta ɗayan Isa da ta biyun Sabon Birni, waɗanda suka yi nasara su haɗu a wasan kofi. Masaukin zagayen ƙarshe zai riƙa zagayawa, bana nan, baɗi can.

Domin kada wahalar shekara ta tafi a banza, kamar yadda dattijonmu ya ji tsoro, an yarda cewa idan aka tashi canjaras a wasan kusa da na ƙarshe, wadda ta zo ta ɗaya a ƙaramar hukumarta ita ta wuce, ba bugun fenareti. Mai zuwa daga baya sai ya ci kafin ya wuce. A wasan kofi kaɗai za a je fenareti, kai tsaye ba ƙarin lokaci, saboda rabin sa'ar nan ta hanya ce. Kowace zakarar rukuni kuma za a ba ta takardar shaida a gaban ɗalibanta ranar taron safe.

An soke dokar uku da nema ga duk ƙungiyar da rashin tsaro ya hana zuwa. Shaidar shugaban makaranta da ta mai garin ta isa. Za a sake sa rana, idan ta sake gagara a nemi filin da ke tsakani. Wanda ya ƙi zuwa don ganin dama, dokar na nan a kansa.

Game da 'yan haya, kowace makaranta za ta miƙa sunayen 'yan wasanta da hotunansu da ajinsu kafin wasan farko, da sa hannun shugaban makaranta, a kuma ba kowace abokiyar karawa kwafi. Yaron da bai buga aƙalla rabin wasannin rukuni ba ba zai taka fili a zagayen ƙarshe ba, sai in jinya ce ta hana shi kuma an sani. Makarantar da aka kama za a cire ta a shekarar, mai horar da ita kuma ya huta shekara biyu. An yi togiya guda, kuma taron na son a fahimce ta da kyau: yaron da aka tayar da ƙauyensu ya koma wata makaranta a tsakiyar zango, ko wanda iyayensa suka yi gudun hijira zuwa Gidan Rumji ko wani gari na jihar Maraɗi suka dawo, ɗalibi ne, ba ɗan haya ba. Da zarar an rubuta shi a rajistar aji yana da haƙƙin riga. Ba za mu ƙara masa wani korar a kan wanda ya riga ya sha ba.

Za a buga gasar a zango na biyu, a gama kafin jarrabawar fita da saukar damina, a kuma kauce wa watan azumi. Duk wasan da ke da tafiya za a fara shi da hantsi, a sallami yara kafin azahar. Ba kwana. Ba za a yi shelar rana da wurin zagayen ƙarshe a Facebook ko WhatsApp ba, shugabannin makarantu ne za su sanar da iyaye baki da baki idan lokaci ya matso. Ba za a ɗauki yaro ba sai da yardar mahaifinsa ko mai riƙonsa, kuma wanda iyayensa suka hana ba za a yi masa gori ba, ba za a cire shi daga ƙungiya ba. Kafin a tsayar da rana sai shugabannin ƙungiya sun zauna da hakimi da jami'an tsaron yankin. Idan suka ce a dakata, an dakata, ko da an riga an share fili an zuba toka a layi.

Idan kuwa shekara ta ƙare zagayen ƙarshe bai yiwu ba, to shekarar ba ta da zakara. Ba za a koma teburi a lissafa ba, ba za a jefa ƙuri'a ba, ba za a raba kofi biyu ba. Kofin zai zauna a hannun ma'aji, a rubuta a littafi cewa ba a buga ba da dalilin da ya hana. Wasu sun ga wannan ya yi tsauri ga yaran ajin ƙarshe da ba za su sake samun dama ba, kuma taron bai raina wannan ciwon ba. Amma mun gwammace yaro ya fita makaranta ya san hanya ce ta hana shi, da ya fita yana ganin malamansa sun zauna a ɗaki sun ba wani abin da ba a ci a fili ba.

Dattijonmu da wasu 'yan kaɗan ba su sauya ra'ayi ba. Sun nemi a rubuta cewa a ganinsu gasar maki ce gasar gaskiya, kuma ranar da Allah Ya kawo lafiyar hanya a koma mata. An rubuta. An kuma yarda a gwada sabon tsarin shekara biyu, sannan a sake zama a duba littafi. Shi da kansa ya karɓi aikin tantance hotunan 'yan wasa, ya ce ya san iyayen yawancinsu.

Taron na roƙon hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Sakkwato ta taimaka mana da alƙalai daga wajen ƙananan hukumomin biyu a wasanni ukun ƙarshe, ta kuma duba yiwuwar zakaranmu ya sami gurbi a gasar makarantu ta jiha, ko yaranmu sa taka filin Giginya. Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa da 'yan majalisarmu su ɗauki nauyin mota mai lafiya da rakiya a ranakun zagayen ƙarshe, da ƙwallaye da raga, domin har yanzu akwai filin da gora biyu da igiya ne ragarsa. Ba ma son kofin ya ɗauki sunan ɗan takara ko launin jam'iyya. Mai son taimakawa ya taimaka, za a yi masa godiya a bainar jama'a. Ga gwamnatin jiha da ta tarayya kuwa, buƙatarmu ita ce ta kowane mutumin gabashin Sakkwato, a buɗe mana hanyoyinmu.

An ɗage maganar wasannin ɗalibai mata, wadda malamar ta tayar a ƙarshe, zuwa zama na gaba, kuma ita za a fara da ita. Za a yi zaman a Isa, za a sanar da wakilai rana ta hannun shugabannin makarantunsu. Taron ya gode wa mai garin Unguwar Lalle da jama'arsa bisa masauki da ruwan sha, aka rufe da addu'a.

Sa hannu:
Shugaban ƙungiya
Sakataren ƙungiya
A madadin wakilan iyaye da alƙalan wasa